Watanda a Bayan Gidan Kawu da Labulen John Rawls

Duk jajibirin ƙaramar Sallah akan kayar da sa a bayan gidan Kawu, nan cikin garin Bauchi. Mutum goma sha biyu ne ke haɗa kuɗin watandar, wasu tun kafin azumi suke zubawa da kaɗan-kaɗan. Da hantsi mahauci ya gama fiɗa, a shimfiɗa buhuna a ƙasa, ya shiga kasawa: tsoka a nan, ƙashi a can, hanta a yayyanka ta gida-gida, haka tumbi, haka kitse. In ya ɗaga wuƙa sai masu nama su zagaye. Wannan ya ce kashin gefe ƙashi ya yi masa yawa, a ɗebo tsoka daga na tsakiya a ƙara. Wancan ya ce na jikin bango ba a sa masa ƙoda ba. Ba a barin wannan ja-in-ja sai kowa ya ce ya gamsu. Daga nan kowa ya kawo alamarsa, wani murfin kwalba, wani tsinken ashana, wani ɗan makulli, a zuba cikin hula. A ƙwala wa wani yaro kira daga bakin titi, wanda bai ga mai murfi ba bai ga mai makulli ba, ya bi kashi-kashi yana ɗora alama. Inda taka ta sauka, nan ne rabonka.

Na daɗe ina kallon wannan abu ban lura da sirrinsa ba. Mutanen nan ba waliyyai ba ne, a kasuwa kowannensu ya iya ciniki har da rantse-rantse. Amma a ɗan lokacin nan, tsakanin kasawa da zuwan yaro, kowa yakan zama lauyan kashin da ya fi rama, domin bai sani ba ko nasa ne. A kan irin wannan ɗan lokaci wani masanin falsafa ɗan Amurka, John Rawls, ya ƙarar da rayuwarsa. Tambayarsa ita ce: da za a tsara ƙasa sukutum kamar yadda ake kasa naman nan, masu kasawa ba su san kashinsu ba, wane irin tsari za su yi?

An haife shi ranar 21 ga Fabrairu 1921 a birnin Baltimore, cikin gida mai rufin asiri. Mahaifinsa babban lauya ne, mahaifiyarsa tana cikin masu fafutukar haƙƙin mata a siyasa. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya maza biyar. A 1928 mashaƙo ya kama shi, wannan cuta da mu ma ta addabe mu a Arewa a 2023 ta ɗauke yara. Ƙanensa ya ɗauka daga wurinsa. Shi ya tashi, ƙanen ya rasu. Shekara na zagayowa nimoniya ta kwantar da shi, wani ƙanen ya sake ɗauka, shi ma ya tafi. Rawls ya girma da in'ina, bai rabu da ita ba har tsufansa.

Ya gama Jami'ar Princeton a 1943 da tunanin zama limamin coci, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ja shi. Ya yi sojan ƙasa a Niyu Gini da Filifin. Shi da kansa ya rubuta labarin wata rana a 1945 da aka zo neman mutum biyu, ɗaya ya raka wani babban hafsa leƙen sansanin Japanawa, ɗaya ya ba da jini ga wani soja da ya ji rauni. Shi da abokinsa suka amsa. Jininsa ne ya dace da na majinyacin, don haka abokin ya bi hafsa, kuma a can harsashin igwa ya same su ya kashe su. Bayan yaƙi ya ratsa ta Hiroshima a jirgin ƙasa, ya ga abin da bam ya bari. Ya fita soja a 1946 ya bar maganar limanci, ya bar ma addinin da ya tashi a kai. A nan ba na bin sa ko taku ɗaya. Irin wannan jarrabawa mu takan ƙara mana tawakkali ne. Amma na fahimci abin da ya tsaya masa a rai: sau uku mutuwa tana tsallake shi ta ɗauki na kusa da shi, ba don ya fi su komai ba. Wanda ya ga haka da wuya ya buga ƙirji ya ce duk abin da ya samu iyawarsa ce.

Sauran rayuwarsa ba ta da hayaniya. Ya yi digirin digirgir a 1950, ya je Jami'ar Oxford, ya koyar a ta Cornell, daga 1962 ya zauna a ta Harvard. Ba ya son hira da 'yan jarida. Lokacin yaƙin Biyetnam ya ƙi yarda da tsarin da ke ɗage wa ɗaliban jami'a shiga soja, domin ya ga 'ya'yan masu hali ne ke laɓewa a aji ana kwasar 'ya'yan talakawa zuwa fagen daga. A 1971 ya fitar da A Theory of Justice, wato nazari a kan adalci, littafi mai shafi kusan 600 wanda ya yi shekara wajen ashirin yana sassaƙarsa.

Kafin littafin, ra'ayin da ya fi ƙarfi a tsakanin masanan Ingila da Amurka shi ne na su Jeremy Bentham da John Stuart Mill: tsari mai kyau shi ne wanda in an tara jin daɗin jama'a gaba ɗaya jimla ta fi yawa. A kunne abin da daɗi. Illarsa ita ce jimla ba ta san fuska ba. In za a tashi ƙauye guda a shanye gonakinsa don birni ya amfana, lissafi zai iya cewa an ci riba. Rawls ya ce ba haka ba, mutane ba hatsi ba ne da za a juye su a buhu ɗaya a auna. Ni zan iya hana cikina yau don in ci gobe, tunda ni ne na yau ni ne na gobe. Amma ba a hana Audu don Tanko ya ƙoshi sannan a ce ai ciki ya cika.

Daga nan ya kawo labulensa. Ya ce mu ƙaddara an tara mu za mu shata ƙa'idojin da ƙasa za ta zauna a kansu, amma an sakar mana labulen rashin sani. Mun san yadda duniya take: akwai noma, akwai kasuwa, akwai ciwo, dukiya ba ta isar kowa yadda yake so. Abin da aka ɓoye mana shi ne ko mu su wane ne. Ba ka sani ba ko in an yaye labule za ka tsinci kanka ɗan kwamishina a GRA, ko ɗiyar makiyayi a dajin Ningi, ko almajirin da aka sauke a tashar Muda Lawal da ɗan akwatinsa. Ba ka san ko namiji ne kai ko mace ba, mai kaifin ƙwaƙwalwa ko mai jan ƙafa, Musulmi a Azare ko Kirista a Bogoro. Ba cewa ya yi an taɓa yin wannan taro ba. Ma'auni ne, kamar hular Kawu. Duk hujjar da za ka kawo wadda ba ta tsayawa sai ka san kashinka, son zuciya ne ya sa rigar hujja.

Ya ce masu hankali a bayan labulen nan abu na farko da za su ɗaure shi ne 'yanci, kuma daidai wa daida: kowa ya yi addininsa, ya faɗi ra'ayinsa, ya yi taro, ya zaɓa a zaɓe shi, kada a kama shi ba bisa doka ba. Wannan shi ke gaba, ba a sayar da shi don tuwo. Ba wanda zai yi caca da sallarsa ko bakinsa alhali bai san ko cikin 'yan tsiraru zai faɗo ba. Ya ƙara da wani abu da mu ya kamata ya tsaya mana: 'yancin siyasa na takarda bai wadatar ba, sai ya zama mai amfani a hannun kowa. A 2022 fam ɗin neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Tsarin mulki ya ce malamin firamare na iya tsayawa, farashin fam ya ce ya koma aji.

Sai maganar dama. Bai isa a ce ƙofa a buɗe take ba. Yara biyu masu baiwa ɗaya da himma ɗaya ya kamata su sami hanya ɗaya, ko a wane gida aka yanke musu cibiya. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, ƙa'ida ɗaya ga kowa, ba a tambayar sunan uba. To amma yaron da tun yana aji uku yake danna kwamfuta, da wanda ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko ko ta biyu a gabanta, wanda ya yi firamare a ajin da ba benci, a ce tsere ɗaya suka yi? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, gaskiya ne. Tambayar Rawls ita ce wa ya ba wancan katifa ya bar wannan a tsaye.

Abin da ya fi jawo masa suna da suka shi ne na ƙarshe, ƙa'idar bambanci. Mutane da yawa suna zaton sauke-mu-raba yake nufi. Ko kusa. A watanda ma ai mahauci yakan tafi da ladansa daban, kuma ba mai ƙorafi, domin ba don wuƙarsa ba da kowa ya kwashi ɓarna. Rawls ya yarda wani ya fi wani samu, da sharaɗi ɗaya: fifikon ya zama yana ɗaga na can ƙasa fiye da yadda zai kasance in babu shi. In albashin likita mai tsoka shi zai sa ya zauna a asibitin Misau maimakon ya tafi Saudiyya, matar manomi ta amfana, wannan fifiko ya halatta. In kuwa fifikon kashin dankali ne, manya a sama suna danne ƙanana, ba shi da hujja ko da jimlar arzikin ƙasa ta haura.

A gwada wannan ma'auni da cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki. Rawls ba zai ce maka a cire ko a bari ba, kuma tsohon tsarin ma da wuya ya tsallake, tunda mai motoci uku da mai fasa-ƙwauri sun fi ɗan ga-ruwa shan romonsa. Abin da ma'aunin ke hanawa shi ne a tsaya a kan cewa kason jihohi ya ƙaru. Sai an bi kuɗin an ga inda suka sauka. Ɗan ga-ruwan nan, da mai tallan awara, da wanda rabin albashinsa na naira 70,000 ke tafiya a kuɗin mota da hatsi, shin nan da 'yan shekaru rayuwarsu ta fi ta da, ko su aka yanka aka yi wa wasu romo? Su ya kamata a yi wa bayani.

Akwai wata magana tasa da nake ganin ta fi dukkan sauran amfani gare mu. Mu mutane ne masu imani da ƙaddara, kuma sau da yawa da ita ake rufe bakin mai kuka: haka Allah ya so, wani a sama wani a ƙasa, yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Rawls ya raba abu biyu da muke cakuɗawa. A haife ka a gidan talaka ko da ƙaramin ƙarfi, wannan ba adalci ba ne ba kuma zalunci ba ne, haka abin ya zo. Adalci da zalunci suna cikin abin da tsarin mutane ya yi da wannan haihuwa. Allah ne ya ƙaddara yarinya ta zo duniya a ƙauyen da ke bayan kogi. Amma rashin gada, da asibitin da ba ungozoma, da makarantar da malami ɗaya ke riƙe aji shida, waɗannan a takarda aka rubuta su, da biro, a ofis, kuma mutum ne ya sa hannu. Wannan bai saɓa wa abin da muka karanta a makarantar allo da zaure ba. Suratul Hashri ta faɗi dalilin rabon dukiya: don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai. Suratun Nisa'i ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Kuma Bauchi ba ta jira Harvard ba kafin ta yi irin wannan tambaya. Tun a shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara a garin nan a kan mulki da haƙƙin talaka. Abin da Rawls ya ƙaro shi ne mudu da za a iya miƙa wa wanda ba ku haɗa littafi ba.

Bai sha da daɗi ba a hannun abokan aikinsa. Robert Nozick, wanda suke sashe ɗaya a Harvard, ya mayar masa da martani a 1974. Ya ce dukiya ba nama ba ce da aka kayar a fili tana jiran mai kasawa, kowace da mai ita. A ce ɗan dambe ya yi suna, mutum dubu suka biya kuɗin ƙofa da son ransu, ya tashi da abin da ya fi na kowa. Wa aka zalunta? In hukuma ta ƙwace wani abu ta ba wasu, ba ta sa shi aikin tilas ba ke nan? Hujja ce mai ƙarfi, kuma duk ɗan kasuwar da ya fara da faranti a Wunti har ya kai ga shago zai ji ta a jikinsa. Sai dai filin damben, da titin da 'yan kallo suka biyo, da zaman lafiyar da ya sa aka taru, ba ɗan damben ne ya yi su shi kaɗai ba. Kuma Nozick da kansa ya ce hujjarsa tana aiki ne in asalin dukiyar halal ne, in an same ta ta hanyar ƙwace sai an gyara. A ƙasar da manyan dukiyoyi da yawa daga kwangilar da ba a yi ba suka fito, wannan sharaɗi kaɗai ya isa aiki.

Sukar da ta fi damuna ta fito daga wajen masana falsafa irin su Michael Sandel: wane ne wannan mutum na bayan labule, marar addini, marar dangi, marar gari? In ka cire mini Musulunci ba sauran wani ni da zai zauna ya yi zaɓi. Wannan gaskiya ce, kuma Rawls ya ji ta. Littafinsa na 1993, Political Liberalism, kusan duk a kan haka yake: yaya mutanen da suka saɓa a kan abin da ya fi komai girma a wurinsu za su zauna ƙarƙashin doka ɗaya ba tare da wani ya murƙushe wani ba? Amsarsa ita ce ba a neman kowa ya ajiye addininsa. Kowa ya biyo hanyarsa, Musulmi daga Alƙur'ani, Kirista daga Littafi Mai Tsarki, a haɗu a mararraba ɗaya kan ƙa'idojin zama tare. A 1999 har ya ƙago wata ƙasar Musulmi a littafi, ya sa mata suna Kazanistan, wadda ba ta bin tsarin Turawa amma tana shawara da jama'arta tana kare waɗanda ba Musulmi ba, ya ce irin wannan ƙasa ta cancanci a girmama ta.

Ban ce ya rufe ramin duka ba. Wanda ya yi imani cewa doka daga wahayi take zuwa zai sami wuraren da shi da Rawls ba za su taɓa daidaitawa ba. Amma mu da muka ga yadda rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 ya bazu har cikin garin nan, bai kamata mu yi wa labulen nan kallon wasan Turawa ba. Ni mai rinjaye ne a Bauchi. Ɗan'uwana da ke sayar da albasa a Onitsha ɗan tsiraru ne. Duk dokar da nake so ta ba shi filin masallaci da kariya a can, ita ce za ta ba maƙwabcina filin coci a nan. Haka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma: wanda aka haifa a Gombe, ubansa ma a Gombe, amma ana ce masa baƙo ranar ɗaukar aiki, da wa zai sa hannu a kan wannan tsari in bai san ko shi ne ba?

Amartya Sen, ɗan Indiya da ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana yaro, ya ce auna abin da aka ba mutum bai isa ba, sai an duba abin da zai iya yi da shi, domin kuɗi ɗaya a hannun gurgu da mai ƙafa ba tafiya ɗaya suke yi ba. Wata masaniya kuma, Susan Okin, a 1989 ta ce Rawls ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba. Wannan ta same ni, domin na san yadda naman watanda ke ƙarewa in ya shiga wasu gidaje: tsoka a kwanon maigida, wadda ta wuni a bakin murhu ta tashi da romo. Rawls ya amsa cewa iyali ma yana cikin ginshiƙan da adalci ya shafa. Shanyewar jiki ta fara kama shi a 1995, amma ya ci gaba da gyara da amsa suka har ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 2002.

Bara, muna zaune a kan tabarma ana jiran mahauci ya gama, na ba Kawu wannan labari a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, shi malamin naku, me ya ce game da wanda bai zuba ko sisi ba?"

Na ce, "Kawu, a nan ma an kama shi. Ya fi yin magana a kan waɗanda ke iya aiki su kawo nasu. Marar lafiyar da ba zai taɓa iya kawowa ba, ya ce a bar maganarsa sai gaba."

Kawu ya nuna mini buhunan da haɓa. Sai a lokacin na ƙirga, kashi goma sha uku ne, ba sha biyu ba. Na goma sha ukun nan na gidan marigayi maƙwabcinsu ne, mace da yara biyar. Ya ce shekarar farko da suka fara, ware shi suka yi gefe tun kafin ƙuri'a, da ya duba sai ya tarar duk ƙashi ne da hanji, kuma ba wanda ya yi da gangan. Tun daga ranar ya ce ba a sake ware shi. A kasa goma sha uku, a sa wa gidan alama a cikin hula kamar kowa. Da yaron ya zo na leƙa hular. Ga murfin kwalba, ga tsinken ashana, ga makullin Kawu, ga kuma ƙwallon dabino guda, shi ne nasu. Ya sauka a kan kashi na huɗu daga bango, aka juye a roba, aka ba yaron ya kai.